Bashin Zarce Ajiya: Bankin da Ke Jiran Doka Kafin Ya Gyara Hali Ya Makara

Ranar 1 ga Oktoban 2025 ce aka tsayar wa manyan bankunan Amurka su sauya yadda suke cajin mutumin da ya kashe fiye da abin da ke cikin asusunsa. Hukumar kare haƙƙin masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta ƙasar, wadda aka fi sani da CFPB, ta fitar da ƙa'idar tun ranar 12 ga Disambar 2024, ta ba bankunan sama da wata tara su kintsa. Ranar ta zo ta wuce ba tare da ƙa'idar ta fara aiki ba. Majalisar Dattawa ta soke ta a watan Maris na 2025 da ƙuri'a 52 a kan 48, Majalisar Wakilai ta bi sahu a Afrilu da 217 a kan 211, Shugaba Donald Trump kuma ya rattaba hannu a ranar 9 ga Mayu.

Wanda ya hango labarin daga nesa zai ɗauka bankunan da suka yi jan ƙafa ne suka yi dabara, waɗanda suka yi saurin gyara kuma sun yi asarar banza. Tarihin shekara goma sha biyar da suka gabata yana nuna akasin haka. Bankin da ya ajiye gyaran tsarinsa har sai doka ta ƙwanƙwasa masa ƙofa ya sha biyan tara, ya sha zuwa kotu, ya kuma zubar da mutuncinsa a idon masu ajiya, ko dokar ta zo ko ba ta zo ba. A cikin labarin akwai abin da ya shafi mai albashi kai tsaye, akwai kuma abin da ya shafi jami'in da ke rubuta daftarin ƙa'ida da hadimin da ke shirya wa ɗan majalisa takardun zaman kwamiti.

Bashin zarce ajiya, wanda ma'aikata ke kira obadiraf, shi ne banki ya biya wa mutum kuɗin da ya haura abin da ke cikin asusunsa, sa'an nan ya cire abinsa da zarar wani kuɗi ya shigo, ya haɗa da ladarsa. A Amurka asalinsa alfarma ce. A zamanin da ake aika caki ta gidan waya, yakan faru cakin mutum ya riga albashinsa isa banki, sai manajan da ya san shi ya biya masa maimakon ya mayar da cakin ya kunyata shi. Da aka kafa dokar bayyana gaskiyar sharuɗɗan bashi a 1968, Babban Bankin Amurka ya keɓe wannan alfarma a 1969, bai sa ta cikin jerin basussukan da dole a faɗa wa mutum kuɗin ruwansu ba. A lokacin keɓewar tana da ma'ana, domin abu ne da ke faruwa jefi-jefi tsakanin mutanen da suka san juna.

Sai katin cirar kuɗi ya zo, kwamfuta ta maye gurbin manaja, alfarmar ta rikiɗe ta zama haja. Mutum ya sayi abin dala 5 alhali saura dala 3 a asusunsa, na'ura ta amince, banki ya ɗora masa dala 35. A 2014 hukumar CFPB ta binciki asusun jama'a, ta gano cewa mafi yawan irin wannan caji a kan katin cirar kuɗi yana faɗawa ne kan sayayyar da ba ta wuce dala 24 ba, kuma yawancin mutane suna cike giɓin cikin kwana uku. Ta yi lissafi cewa wanda ya ranci dala 24 na kwana uku ya biya ladar dala 34, daidai yake da wanda ya ci bashi a kan kuɗin ruwa kashi 17,000 cikin 100 a shekara. Babu bankin da zai iya rubuta wannan adadi a allon talla. Ya samu damar karɓarsa ne saboda an kira abin "caji", ba a kira shi bashi ba.

Nauyin kuma bai rabu daidai ba. Wani binciken hukumar na 2017 ya nuna cewa kashi 9 cikin 100 na asusai ne ke biyan kashi 79 cikin 100 na dukan kuɗin da ake tarawa ta wannan hanya, wato mutanen da ke zarcewa fiye da sau goma a shekara. Su ne masu ƙaramin albashi, waɗanda asusunsu ke bushewa kwanaki kafin ƙarshen wata. A 2019 kaɗai, hukumar ta ƙiyasta cewa bankunan ƙasar sun tara kusan dala biliyan 15.5 daga cajin zarce ajiya da na mayar da biyan da babu kuɗinsa a asusu. Ma'anar wannan ita ce, asusun da ake tallata wa mai hali a matsayin kyauta, talaka ne ke biyan kuɗin tafiyar da shi ba tare da an shawarce shi ba.

Wasu bankunan ba su tsaya ga jiran mutum ya yi kuskure ba, sun ƙirƙiro hanyar ninka kuskuren. Mafi shahara ita ce sauya jerin sayayyar yini. A ɗauka mutum yana da dala 100, ya sayi abin dala 10 da safe, na 15 da rana, na 20 da la'asar, sa'an nan da dare ya biya dala 90. In aka bi jerin yadda abin ya faru, sau ɗaya ya zarce, cajinsa dala 35. In kuwa banki ya fara cire mafi girma, dala 90 za ta cinye asusun, sauran ukun duk su zama zarcewa, cajin ya koma dala 105. A 2010 alƙali William Alsup na kotun tarayya a California ya umarci bankin Wells Fargo ya mayar wa masu ajiya dala miliyan 203 a kan wannan dabara. A 2011 Bank of America ya amince ya biya dala miliyan 410 domin kashe irin wannan ƙara.

A shekarar 2010 ɗin nan ne kuma ƙa'idar neman amincewa ta fara aiki, wadda ta hana banki cajin mutum a kan katin cirar kuɗi ko na'urar ATM sai ya yarda da tsarin tun farko. Yadda wasu bankuna suka tunkari wannan sauyi shi ne misali na farko na mummunan shiri. Maimakon su tambayi mutane tsakani da Allah, sai suka ɗora wa ma'aikatansu adadin mutanen da dole su shigar. Ƙarar da CFPB ta shigar a kan bankin TCF a 2017 ta zarge shi da sa sababbin masu buɗe asusu su ɗauka amincewar wajibi ce, ta kuma ambaci cewa shugaban bankin na wancan lokaci ya raɗa wa jirgin ruwansa na shaƙatawa sunan wannan caji. Bankin ya sasanta a 2018 da dala miliyan 30. TD Bank ya biya dala miliyan 122 a 2020 a kan yadda ya shigar da mutane tsarin.

Labarin Regions Bank ya fi kowanne dacewa da batun. An ci shi tarar dala miliyan 7.5 a 2015 a kan cajin mutanen da ba su amince ba. A Satumban 2022 aka sake kama shi, wannan karon a kan cajin mutanen da ke da isasshen kuɗi a lokacin da suka yi sayayya, amma asusun ya ragu kafin a kammala biyan. Hukumar ta ce shugabannin bankin sun san da matsalar, kuma suna iya dakatar da ita shekaru kafin nan, amma suka jinkirta har sai sun samo wata hanyar kuɗin shiga da za ta cike gurbin. Jinkirin ya ci masu dala miliyan 191: miliyan 141 na mayarwa ga mutane, miliyan 50 na tara. An ce da tsohuwar zuma ake magani, to da tsohuwar doka aka hukunta Regions, wato dokar da ta haramta zalunci da yaudara a mu'amalar kuɗi, wadda ke nan tun kafin a fara maganar sabuwar ƙa'ida, kuma tana nan bayan an soke ta.

Ɗaya ɓangaren ya bi wata hanya. A watan Mayun 2021 Sanata Elizabeth Warren ta tsare shugaban JPMorgan Chase, Jamie Dimon, a zaman kwamitin Majalisar Dattawa a kan kusan dala biliyan 1.5 da bankinsa ya tara daga wannan caji a shekarar annobar korona. Masu lura sun gane iska ta juya. A watan Yuni Ally Bank ya soke cajin gaba ɗaya. A Disamba Capital One ya bi sahu, ya yafe kuɗin shiga da ya kai kimanin dala miliyan 150 a shekara. A farkon 2022 Bank of America ya sanar da rage nasa daga dala 35 zuwa 10, Citibank ya soke nasa, Wells Fargo ya ba da rangwamen awa 24 domin mutum ya cike giɓi kafin a caje shi, JPMorgan Chase kuwa tun a 2021 ya daina cajin wanda bai zarce da fiye da dala 50 ba. Duk wannan ya faru kusan shekara uku kafin a kammala ƙa'idar. Zuwa 2023, abin da bankuna masu kadarar sama da dala biliyan ɗaya suka bayar da rahoton tarawa ya sauko daga kusan dala biliyan 12 a 2019 zuwa ƙasa da biliyan 6.

Wato fiye da rabin nauyin ya sauka daga wuyan jama'a ba tare da sabuwar doka ba. Abin da ya sauke shi shi ne tsoron dokar, da hukuncin kotuna, da kunyar fitowar alƙaluma fili, da gasar sababbin bankunan intanet da ke tallar asusu marar caji. Bankunan da suka gyara da wuri sun zaɓi lokacinsu, sun raba asarar a kan shekaru, sun kuma mayar da gyaran abin talla. Waɗanda suka jira, hukuma ce ta zaɓar masu lokaci da adadi.

Ƙa'idar Disambar 2024 kanta ba ta haramta bashin zarce ajiya ba. Ta shafi bankuna da ƙungiyoyin adashi masu kadarar sama da dala biliyan 10, ta ba su zaɓi uku: su tsaya a dala 5, ko su caji abin da ya yi daidai da ɗawainiya da asarar da suka yi, ko kuma su caji abin da suka ga dama amma su ɗauki abin a matsayin bashi, su bayyana kuɗin ruwansa na shekara kamar yadda ake yi wa katin bashi. Zaɓi na uku shi ne zuciyar al'amarin. Hukumar ta ƙiyasta cewa jama'a za su tsira da kusan dala biliyan 5 a shekara. Ƙungiyoyin bankuna suka garzaya kotun tarayya a jihar Mississippi nan take, sabuwar gwamnati ta sallami shugaban hukumar, Rohit Chopra, a farkon Fabrairun 2025, majalisa kuma ta ƙarasa aikin.

Hujjar bankunan ba ta wofi ba ce, kuma adalci ya buƙaci a saurare ta. Sun ce akwai mutanen da suka dogara da wannan kafa domin sayen magani ko biyan kuɗin wuta a ƙarshen wata, kuma in aka karya farashinta har ta daina biyan kanta, bankuna za su rufe ta, mutanen su faɗa hannun masu ba da bashin jiran albashi, waɗanda suka fi tsada da rashin tausayi. Sun ce asusun kyauta zai ɓace, a koma cajin kowa da kowa duk wata. Akwai gaskiya a nan: kuɗin da aka toshe ta ƙofa yakan nemi taga. Sai dai hujjar tana kare samuwar bashin ne kawai, ba ta kare ɓoye farashinsa ba, ba ta kare sauya jerin sayayya ba, ba ta kuma kare shigar da mutum tsarin da bai fahimta ba. Bankin da ya yi imani hajarsa na da amfani ga talaka bai kamata ya ji tsoron rubuta farashinta a fili ba.

Birtaniya ta gwada hanyar bayyana farashi, kuma abin da ya biyo baya ya cancanci nazari. Hukumar kula da ɗabi'ar cibiyoyin kuɗi ta ƙasar, FCA, ta gano cewa bankuna sun samu sama da fam biliyan 2.4 daga bashin zarce ajiya a 2017, kuma fiye da rabin cajin zarcewar da ba a shirya ba ya fito ne daga kashi 1.5 cikin 100 na masu ajiya. A watan Yunin 2019 ta sanar da gyara, wanda ya fara aiki a Afrilun 2020: babu sauran cajin kullum ko na wata-wata, babu ƙarin farashi ga wanda ya zarce ba da shiri ba, kowane banki ya faɗi kuɗin ruwa guda na shekara. Da wa'adin ya ƙarato, sai manyan bankunan suka riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya da adadi kusan iri ɗaya, wajen kashi 40 cikin 100, har hukumar ta rubuta masu a Janairun 2020 tana neman bayanin yadda suka haɗu a wuri guda. Waɗanda a da ake yanka da cajin kullum sun samu sauƙi mai yawa, amma wasu masu babban bashin da aka shirya sun ga farashinsu ya tashi. Duk da haka, a karon farko ɗan Birtaniya ya iya ɗora bashin zarce ajiya kusa da katin bashi da rancen banki, ya ga wanne ya fi tsada.

A Najeriya siffar abin ta ɗan bambanta, kuma bai dace a kwafo matsalar Amurka a manna ta a nan ba. Katin mai ajiya a nan yawanci ƙin biya yake yi in babu kuɗi, don haka cajin ba-zata a kan sayayyar yini ba shi ne babban ciwon ba. Ciwon yana wajen mai albashi. Ma'aikacin tarayya da albashinsa ke shigowa ta tsarin IPPIS shi ne abokin cinikin da kowane banki ke so, domin an san ranar da kuɗinsa ke zuwa, an kuma san ta inda yake biyowa. Saboda haka ake bin sa da tayin rancen kafin albashi da izinin zarce ajiya, ta saƙon waya da manhaja, a amince cikin 'yan mintoci. Da zarar albashi ya sauka, banki ya fara ɗebe nasa, abin da ya rage bai kai ƙarshen wata ba, sai a sake ranta. Haka rancen wata ɗaya ke zama zaman dindindin.

Lissafin ma bai fi na Amurka wuyar yi ba. A ɗauka ma'aikaci ya karɓi naira 50,000 saura kwana goma a yi albashi, aka cire masa naira 2,500 a matsayin kuɗin ruwa da na gudanarwa da na inshora. A ido kashi 5 ne cikin 100, abin da ba zai tayar wa kowa hankali ba. A ma'aunin shekara kuwa ya haura kashi 180. Ga wanda ke kan mafi ƙarancin albashin naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024, maimaita wannan sau goma sha biyu na nufin ya ba banki naira 30,000 a shekara domin kawai ya taɓa kuɗinsa kwana goma kafin lokaci. Akwai kuma ma'aikata da yawa da ke guje wa kuɗin ruwa saboda addininsu, har wasu suka koma bankunan da ba sa mu'amala da shi irin su Jaiz da TAJ da Lotus. Ga irin waɗannan, sakaya kuɗin ruwa da sunan caji ya wuce batun aljihu, domin an hana su sanin abin da suke shiga.

Ƙa'idoji ba su yi ƙaranci ba. Jagorar cajin bankuna ta Babban Bankin Najeriya da ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2020 ta taƙaita kuɗin gudanar da bashi a kashi 1 cikin 100, ta taƙaita tarar jinkirin biya a kashi 1 a wata na abin da ba a biya ba, ta kuma tanadi tarar naira miliyan 2 a kan kowane saɓawa. A gefe guda, tun 1 ga Agustan 2020 tsarin GSI ya ba banki damar bin lambar BVN ta wanda ya gaza biya, ya ɗebo bashinsa daga asusunsa na wasu bankuna, ko da yake an keɓe kuɗin tara daga abin da za a iya ɗebowa ta wannan hanya. A 2025 hukumar FCCPC ta fitar da ƙa'idojin masu ba da bashi ta intanet. Gwamnatin Tarayya kuma ta kafa CREDICORP a 2024, ta fara da ma'aikatan gwamnati. Duk wanda ya haɗa waɗannan zai ga inda aka dosa: bashin ɗaiɗaikun mutane zai ƙaru, ƙarfin banki na karɓo kuɗinsa ya riga ya ƙaru, kuma matsin lambar a daidaita ma'aunin ta ɓangaren mai karɓar bashi zai biyo baya. Ga kuma sabon jarin da Babban Bankin ya wajabta a 2024, naira biliyan 500 ga banki mai lasisin ƙasa da ƙasa da biliyan 200 ga mai lasisin ƙasa, wanda masu hannun jari za su so su ga ribarsa. Mai albashi yana cikin wurare mafi sauƙi da za a nemo ta.

Bankin da ke son ya riga doka yana da aikin da zai fara yau, kuma babu ɗaya daga ciki da ke buƙatar umarnin kowa. Na farko, hukumar daraktoci ta nemi a kawo mata adadin mutanen da suka ranta fiye da sau shida a shekara da kason ribar da ke fitowa daga gare su. In ribar ta taru a kan 'yan tsiraru, to tsarin yana rayuwa ne a kan wahalarsu, kuma shi ne wurin da mai bincike zai fara dubawa. Na biyu, kafin mutum ya danna amincewa, a nuna masa jimillar abin da zai biya a naira da kuma ma'auninsa na shekara, a harshen da yake ji. Na uku, a cire adadin shigar da mutane daga ma'aunin ƙarin girma da alawus na ma'aikatan banki, domin daga nan yaudara ke farawa. Na huɗu, wanda aka ga yana maimaita rance wata bayan wata a miƙa masa hanyar mayar da shi bashin biya kaɗan-kaɗan mai sauƙin farashi, kamar yadda ƙa'idar Birtaniya ta wajabta wa bankuna su gano masu maimaitawa su taimaka masu. Na biyar, in jinkirin albashi ne daga gwamnati ya hana biya, kada a ɗora wa ma'aikaci tarar laifin da ba nasa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai rage riba a shekarar farko. Regions ma abin da ya guda ke nan, ya ƙare da biyan dala miliyan 191.

Masu rubuta ƙa'ida su ma suna da abin ɗauka. Ƙa'idar Amurka ta fito ne saura ƙasa da mako shida gwamnatin da ta haife ta ta sauka, ta kuma faɗa cikin wa'adin da doka ta ba majalisa ta soke ƙa'idojin hukumomi da rinjaye mai sauƙi. Mafi muni, wannan doka ta hana hukumar sake fitar da ƙa'ida mai kama da wadda aka soke sai da sabon izinin majalisa. Gaggawar ƙarshen zango ta jawo an rasa ƙa'idar, an kuma rufe ƙofar dawo da ita. Gyaran da ake son ya daɗe ana fara shi ne da wuri, a saurari masu adawa da shi, a nema masa gindin zama a majalisa.

Sa'an nan abin da ya fi yin tasiri a Amurka ba ƙayyade farashi ba ne. Tun 2015 aka wajabta wa bankuna masu kadarar sama da dala biliyan ɗaya su ware wannan kuɗin shiga a rahotonsu na kowane wata uku. Da wannan layi guda a takarda 'yan jarida da masu bincike da sanatoci suka san wa ke tara nawa. Babban Bankin Najeriya zai iya neman kowane banki ya bayyana abin da ya samu daga rancen kafin albashi da zarce ajiya, da adadin masu maimaitawa, ba tare da ya taɓa farashin kowa ba. Haka kuma iyakar dala biliyan 10 ta bar ƙananan bankuna a waje, alhali binciken Aaron Klein na cibiyar Brookings a 2021 ya nuna akwai ƙananan bankunan da fiye da rabin ribarsu daga wannan caji take. A nan ma, ƙa'idar da ta kama manyan bankuna ta saki ƙananan bankunan lamuni da manhajojin rance za ta kora ma'aikaci ne daga inda ake sa ido zuwa inda ba a sa wa. Ma'anar da za a ba bashi ta bi abin da ake yi, kowa ke yin sa kuma ko da wane suna aka kira shi.

Shi kuwa ma'aikacin da tayin ke shigowa wayarsa, yana da haƙƙin ya nemi takardar sharuɗɗa kafin ya amince, ya tambayi jimillar abin da za a cire da ranar cirewa, ya san ko izinin yana sabunta kansa, ya kuma duba ko ya sa hannu a kan GSI. In ya ga an cire abin da ya wuce ƙa'ida, ya rubuta wa bankinsa ƙorafi ya karɓi lambar shaida. In mako biyu ya wuce ba a warware ba, Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na Babban Bankin Najeriya yana karɓar irin wannan ƙara. Ƙungiyoyin ƙwadago da na adashin ma'aikata a ma'aikatu su ma suna da ƙarfin da ba su cika amfani da shi ba, domin bankin da ke riƙe da asusun albashin dubban mutane zai saurari wakilansu in suka zo da buƙata guda a rubuce.

Majalisar Amurka ta soke ƙa'ida, amma ba ta soke lissafin dala 34 a kan dala 24 ba, kuma duk wanda ya taɓa ganin lissafin ba zai sake kallon cajin da idon da ba. Gwamnatoci suna sauyawa, wata za ta sassauta, wata ta tsananta. Bankin da ya gina tsarinsa a kan abin da zai iya karewa a gaban mai ajiya, da alƙali, da kwamitin majalisa, bai damu da wace ce ke kan mulki ba. Wanda ya gina nasa a kan giɓin da ke cikin doka kuwa, kullum kunnensa na kan labarin ranar da za a toshe giɓin, kuma kuɗin da yake tarawa kafin ranar ba lalle ne su zauna a hannunsa ba.